Harsashin Zabo Daban, Na Gada Daban: Magana Ga Maharban Kunci

1/ Yau ba siyasa, ba ƙwallo. Magana ce kan bindigar farauta da irin harsashin da ake ɗura mata, kuma ta ɗan yi tsawo. In kana da wa, ƙane ko kawu mai fita harbin zabi a ƙauye, daure ka karanta har ƙarshe. 🧵

2/ Ni ɗan Kunci ne, arewacin Kano, wajen iyaka da Katsina. Eh, na san an mayar da sunan ƙaramar hukumar Ghari, bakinmu ne bai saba ba tukuna. Wanda ya san wajenmu ya san ba mu da wani daji na a-zo-a-gani. Gona ce jikin gona, ƙauye yana hango ƙauye.

3/ Da kakar bara ina gida hutu. 'Yar maƙwabcinmu, shekararta tara, tana kalar gyaɗa da ƙawayenta da yamma, sai ƙarar bindiga daga bayan wata gonar dawa da ba a girbe ba. Ta ce ji ta yi kamar an jefe ta da dutse a cinya. Ana dubawa sai ga jini.

4/ A asibiti aka ciro mata ƙwayar darma guda, girmanta kamar ƙwayar wake. Wani saurayi ne ya hango zabin daji ya saki wuta, bai ma san da yara a wajen ba. Zabin kuwa ko gashi ɗaya bai taɓa ba. Yarinya ta warke, dattawa suka sasanta, iyayensa suka biya kuɗin magani.

5/ Kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara. Amma ra'ayina shi ne: harsashin da yaron nan ya ɗura ba na tsuntsu ba ne tun farko. Kuma a ƙasa mai cike da jama'a irin tamu, zaɓen harsashi haƙƙin maƙwabci ne a wuyan maharbi.

6/ Bari in fayyace. Harsashin bindigar tsuntsaye, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, ƙwanso ne cike da ƙwayoyin darma. A jikinsa ko a kwalinsa za ka ga an rubuta SG, AAA, BB, ko lamba 4, 5, 6. Lamba na hawa, ƙwaya na ƙanƙancewa, yawanta na ƙaruwa.

7/ SG ƙwaya 8 ko 9 ne kacal a ciki, manya, an yi su don dabba irin gada ko mugun dawa. BB ba sa kai ɗari. Lamba 6 kuwa sun haura 200. To ka auna: kan zabo da wuyansa ba su fi ɗan yatsa biyu kauri ba. Ƙwaya 9 ce za ta same shi ko 200?

8/ Ga inda matsalar take. Ƙaramar ƙwaya iska na saurin cinye ƙarfinta, babba kuwa tafiya take. In aka ɗaga baki sama, lamba 6 za ta iya wuce mita 200 kaɗan kafin ta faɗi. BB ta haura mita 300. SG tana wuce rabin kilomita.

9/ Yanzu ɗora rabin kilomita a kan Kunci. Tsaya a kowace gona ka kalli gabas: gonakin mutum nawa ne, ga rijiya, ga hanyar 'yan makaranta, ga Bafulatani da shanunsa, ga mata masu roron wake da kara ya ɓoye su. Da rani kuma bakin dam ɗin Gari cike yake da masu lambu.

10/ Sai batun bakin bindiga. Yawancin bindigogin kanti an ɗan tsuke ƙarshen bututunsu daga ciki, Turawa na kiransa cok. Mu ce ƙuncin baki. Ɗan Kunci na bayanin ƙunci, na san za ku tsokane ni, bismillah. Aikinsa shi ne riƙe ƙwayoyi a dunƙule, kada su watse da wuri.

11/ Yadda ake aunawa: a zana da'ira mai faɗin inci 30, a harba daga yadi 40, wato wajen mita 36. Baki mai ƙunci sosai yana zuba kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin a cikin da'irar. Matsakaici kashi 60. Wanda ba a tsuke ba sam, wajen kashi 40.

12/ Kuskuren da nake ji a majalisa: "Ai tawa mai nisa ce." Ƙuncin baki ba ya ƙara wa ƙwaya ƙarfi fa, tattara ta kawai yake. Bayan mita 40 ƙananan ƙwayoyi sun fara sanyi, sai dai rauni. A kusa kuma, taku goma, ko dai ka kuskure ko ka mayar da zabo dambu tun kafin a kai gida.

13/ Shi ya sa mai baki biyu galibi bakinta ba iri ɗaya ba ne. Na dama ya fi buɗewa, don harbin farko a kusa. Na hagu ya fi tsukewa, don tsuntsun da ya riga ya tashi. Wallahi akwai masu riƙe da ita shekaru ba su san me ya sa kunamarta biyu ba.

14/ Da na koma makaranta na shiga intanet ina karanta yadda ake farautar talo-talon daji a Amurka. Tsuntsu ne da ya ninka zabo nauyi sau da yawa. Amma lamba 4, 5 ko 6 suke sa masa, da baki mai ƙunci, su kwaikwayi kukan mace ya matso cikin yadi 40, su auna kai da wuya.

15/ Jihohi da dama a can doka ce ma ta hana harbin talo-talo da manyan ƙwayoyi, saboda lafiyar sauran mutanen da ke dajin. Ka duba fa, ƙasar da ke da dazuzzukan da za ka yini ba ka ga mutum ba. Mu da ƙauye ke hango ƙauye mu ne muke bin zabo da harsashin gada.

16/ Abin da ya fi burge ni: kafin lokacin farauta, maharbinsu zai kafa takarda ya harba, ya ƙirga hudar da ta yi. Daga nan ya san iyakar bindigarsa da wannan harsashin. Kwali babba ya ishe mu. A jingina shi da gaɓar kududdufi, inda ƙasa za ta tare, a gwada taku 20, 30, 40.

17/ Na kai wa kawuna wannan "sabon ilimin", tsohon maharbi ne. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko, sai da ka je jami'a ka san wannan? Mu a jikin tsohuwar tabarma muka gwada tamu. Zabon da ban ga jan bakinsa ba, ban kai gare shi ba." Na ce, "Kawu, to me ya sa ba ku koya wa yara?" Ya ce, "Wa ya tambaya?"

18/ Harba-ka-ruga kuma babi ce daban. Bututu ne miƙaƙƙe, ba ƙunci, watsawa take tun daga baki, don haka ta kusa ce. Ga masu zuba mata boris ɗin keke da guntayen ƙusa. Ƙarfe ba kamar darma ba ne, in ya daki dutse ko busasshiyar ƙasa tsalle yake, ba wanda ya san inda zai nufa.

19/ Na san me za a ce. "Abin da ke kasuwa muke saye, harsashi ya yi tsada, ina kuɗin gwaji a kwali?" Gaskiya ne da tsada. Amma harsashi biyu na gwaji da kuɗin ciro darma daga cinyar yarinya, wanne ya fi? Kuma mai sayarwa abin da ake nema yake kawowa.

20/ Wasu za su ce maharban nan su ne masu gadin gari da dare, dole su riƙe babban harsashi saboda ɓarayin shanu. Ban musa ba, muna barci albarkacinsu. Amma aljihu biyu gare ka. Na gadi daban, na zabo daban. Wanda ya fita gona da rana ya duba abin da ke cikin bindigarsa.

21/ Na uku: "Zabo taurin rai gare shi, gashinsa na tare ƙananan ƙwayoyi." E, ya fi kurciya da hasbiya tauri. To sa lamba 4 ko 5, ka matsa kusa, ka nemi kai da wuya. Fakara lamba 6 ta ishe ta. In ba za ka iya laɓaɓawa ka matso ba, harsashi ba zai yi maka laɓaɓen ba.

22/ Hausawa sun ce harbi ga wutsiya ya fi kuskure. A wajen tsuntsu ban yarda ba. Zabuwar da ka karya wa ƙafa daga nesa za ta shige kara ta mutu bayan kwana biyu. Kai ba ka ci ba, ba a yanka ba, ta zama mushe, ga asarar ƙwan da za ta yi da damina.

23/ Wani abu da ba ma kula da shi: darma guba ce, musamman ga yara. Mun ga abin da gubarta ta yi a Zamfara a 2010, wajen haƙar zinare, yara sama da 400 suka rasu. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da darma tun 1991. Don Allah a tsince ƙwayoyi, a yanke naman da ke gefen hudar kafin a sa a tukunya.

24/ Kuma maharbanmu ba sa cikin yanayin da za su yi sakaci da sunansu. Ba mu manta Uromi ba, Maris 2025, inda aka kashe mafarauta 16 a hanyarsu ta dawowa Kano yin Sallah. Allah Ya jiƙansu. Masu son yi wa sana'ar nan baƙin fenti suna nan, kada mu miƙa musu hujja da hannunmu.

25/ Roƙona ga Sarkin Baka na kowane gari da masu unguwanni abu uku ne. A hana SG da AAA a cikin gonaki. Kowane sabon maharbi ya gwada bindigarsa a gaban manya kafin ya fita. Kuma ba harbi ta inda dawa ko gero ya tare maka gani, sai an girbe.

26/ Dokar makamai ta 1959 ma ta wajabta lasisi. Amma ɗan sanda ba zai bi kowa gona ba. Maganar Sarkin Baka ta fi saurin isa kunnen saurayi mai bindiga.

27/ Yarinyar ta koma makaranta, sai dai har yau in ta ji ƙarar salansar babur sai ta durƙusa. Mahaifiyarta ta hana ta kala bana. Ku tura wa maharbin gidanku wannan, in kuma na yi kuskure a wani wuri, manya su gyara mini. Allah Ya tsare mu, Ya sa a yi kaka lafiya.