Ɗan Aiken da Ba Ya Tambaya

Jama'ar zango, yaranmu da yawa sun shiga koyon rubuta wa kwamfuta umurni, har waɗansunsu suna ce wa iyaye su ajiye littafin bashi, su za su tsara lissafin kanti. Madalla. Amma kafin Alhaji ya miƙa littafinsa, ga abin da muke so ya sani.

Cikin wannan ilmi akwai abin da suke kira fankshin. Mu dai ɗan aike za mu ce da shi, gama aikinsa ke nan: a ba shi saƙo, ya yi aiki da shi, ya komo da amsa. Ba ya tambaya, ba ya gardama.

To, yawancin yaran da harshen Python suke farawa, wanda wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. A nan, kalmar input ita ke karɓar abin da mutum ya buga, ita kuwa kome ta karɓa rubutu ne a wurinta, ba adadi ba. In ka buga huhun goro 20, ka ƙara 5, yaro ya miƙa wa ɗan aike haka nan ya ce tara, sai ya jera su, ya ce 205. In ka ce ninka 20 sau 3, ya ce 202020. Maganinsa shi ne a bi da saƙon ta kalmar int tukuna, ta mai da shi adadi. Ko ita ma, in aka buga 1,500 da waƙafi, sai ta ƙi, aiki ya tsaya cik. Wannan da sauƙi, tun da ana gani.

Wanda ba a gani shi ya fi damunmu. A watan Yuli na 2007 Gana ta canja kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya zama sidi ɗaya. Har wa yau akwai dattawa a kasuwa masu cewa miliyan ɗaya, alhali sidi 100 suke nufi. In irin wannan dattijo ya buga miliyan, ɗan aike zai rubuta wa mutum bashin miliyan, sai fa in yaro ya sa iyaka, ya sa a sake tambaya.

Kada a ce wautar yara ce kaɗai. A 2015 ɓarayi suka cusa wa kamfanin TalkTalk na Ingila umurni a gurbin da ba a tace abin da ke shiga ba, suka kwashi bayanan mutum wajen 157,000. A 2016 hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000.

Saboda haka in yaro ya kawo aikinsa, Alhaji ya zauna ya jarraba da kansa. Ya buga suna a gurbin kuɗi, ya bar wani gurbin ba kome, ya buga da tsohon sidi. Littafin kuwa ya ci gaba da tafiya tare da na'urar wata uku, ana gwada jimla kowace Jumma'a.