BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ran Lahadi 29 ga watan Maris na 2020, da dare, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya yi wa jama'a jawabi ta rediyo da talabijin, inda ya ba da umurnin kowa ya zauna gida har kwana 14 a Jihohin Ikko da Ogun da kuma Abuja, saboda annobar korona. Dokar za ta fara aiki da ƙarfe 11 na daren Litinin. Watau mutanen Ikko da na Abuja yini ɗaya tak suka samu na shiri. Gari na wayewa aka yi ca a kasuwanni, kowa na neman ya yi cefanen mako biyu cikin 'yan sa'o'i. 'Yan kasuwa kuwa da suka ga ido ya raina fata, sai kowane ya sa wa kayansa kuɗin da ya ga dama.

A wannan yini ne halin kowane gida ya fito fili. Mai albashi ya cika bayan mota da nama da tumatir da burodi, ya dogara ga firiji, ya manta wutar lantarki ba ta da alkawari. Kafin mako ya zagayo abin da bai ci ba ya zama na bola. Masu hannu baka hannu ƙwarya, irin su 'yan dako da 'yan ga-ruwa da masu shayi da masu wankin takalma da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Mil 12, su ko kasuwar ba su je ba, domin abin da suka samu jiya sun ci shi jiya. Waɗanda suka kwana da kwanciyar rai 'yan kaɗan ne, su ne waɗanda dama suke da buhun hatsi a lungun ɗaki tun kaka.

Kwana 14 ɗin nan kuma bai tsaya a 14 ba. An yi ta ƙara wa'adi, ba a fara sassautawa ba sai ran 4 ga watan Mayu. A Kano dokar ta fara da daren Alhamis 16 ga Afrilu, azumi ya kama ran 24, mutane suka shiga watan da aka fi bukatar gero da sukari da man girki alhali kasuwa a rufe. Daga baya aka ware Litinin da Alhamis don fita sayen abinci, sai ga cunkoson da aka hana ya dawo ninki, kafaɗa na gugar kafaɗa a gaban masu awo. Wanda ba shi da ajiya a gida dole ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya shiga turmutsutsun da ake ɗaukar cuta, ko ya zauna yara su kwana da yunwa.

Abin mamaki shi ne wannan ya sami mutanen da kakanninsu suka ƙware a tanadi. Bahaushen ƙauye bai taɓa ɗaukar gida ya cika gida ba sai da rumbu. Ana gama girbi ake ɗaure gero da dawa dami-dami a jera a ciki, a ɗora rumbun bisa duwatsu don gudun laima da gara, a yi masa hular ciyawa. A gidaje da yawa ba a taɓa babban rumbu sai damina ta sauka, lokacin da aikin gona ya yi nauyi hatsi kuma ya yi tsada. Wuya ce ta koya musu haka, domin tsofaffi sun daɗe suna ba jikokinsu labarin yunwar Kakalaba ta 1914. Malamai kuma sukan tunatar da ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya ba mutanen Masar shawara su bar hatsin shekarun yalwa cikin zangarniyarsa, abin da manomin ƙasar Hausa yake yi har yau.

Zaman birni ne ya raba mutane da wannan ɗabi'a. Ɗakin haya ba shi da wurin rumbu, kasuwa kuma tana bakin ƙofa, saboda haka aka saba da awon kullum, har aka manta cewa ana iya wayar gari a tarar da ita a garƙame. Amma wanda ba shi da rumbu ba ya rasa lungu. Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Gidan da yake cin kwano ɗaya na hatsi a yini, kwano 14 zai kai shi mako biyu, buhu guda mai kwano 40 kuwa ya fi ƙarfin wata ɗaya. Lokacin sayen shi ne kaka, sa'ad da sabon hatsi ya cika kasuwa farashi ya sauko. Wanda ba shi da ƙarfin buhu, in ya riƙa ƙara mudu ɗaya a kan awonsa kowane mako yana keɓewa, kafin shekara ta zagayo ya tara mudu 52 ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Abin da ya dace a ajiye shi ne abin da ba ruwansa da wutar lantarki. Gero da dawa da masara da shinkafa da wake da garin rogo su ne ginshiƙi. A bar hatsi da ƙwayarsa, a riƙa niƙa na 'yan kwanaki, domin gari ba ya jimiri kamar tsaba, musamman garin gero wanda yake saurin yin ɗaci. Wajen miya kuwa, uwayen gida sun riga kowa sanin sirrin: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, barkono, kauɗar tumatir da tattasai, ganyen zogale da aka shanya a inuwa, da bandar kifi. A haɗa da gishiri da kanwa da man gyaɗa ko manja. Kada kuma a manta da abin da zai dafa su, watau gawayi ko itace ko kananzir ko gas, da ashana, da randar ruwa. Wanda yake shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari, maganinsa ma yana cikin lissafin tanadi.

Ajiya tana da ƙa'ida, in aka saɓa mata sai a tara wa ƙwari. Hatsi ya bushe sarai kafin a ɗaure shi. In aka ciji ƙwaya ba ta ce ƙas ba, da sauran shanya. Buhu ya zauna bisa katako, nesa da bango. Wake, wanda ya fi kowa farin jini wurin ƙwaro, a cika tsabtatacciyar jarka da shi har wuya a toshe bakin ƙam, ko a sa shi cikin buhun nan mai leda biyu a ciki; da iska ta ƙare ƙwaron zai mutu da kansa. Wannan ya fi a yayyafa wa abinci fiya-fiya, wadda takan bi wake har tukunya ta halaka masu ci. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa a zubar, domin gubar da ke cikinta tana lalata hanta, dahuwa kuma ba ta kashe ta. Sa'an nan a riƙa cin tsohon ajiya ana mayar da sabo a gurbinsa.

Sai dai akwai iyaka tsakanin tanadi da ɓoyo. Ya inganta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara, kuma shi ne ya yi hani ga ɓoye abinci don jiran tsada. Mai tanadi yana saye lokacin yalwa gwargwadon bakunan da ke gidansa. Mai ɓoyo yana kwashe kasuwa ranar ƙunci, ya bar na bayansa da kwando wayam. Ƙasar nan ta ga ƙarshen irin wannan. A watan Afrilu na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunanta, attajirai da bankuna kuma suka tara gudummawa. Duk da haka, a watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Ikko da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da buhunan tallafin korona jibge, watanni bayan an sha yunwar kulle. Hukumomi sun ce suna shirin rabawa ne. Ko ma mene ne dalili, abincin da bai isa bakin mayunwaci ranar yunwarsa ba bai yi aikin da aka tara shi dominsa ba. Haka abin yake a tsakar gida: buhun da maƙwabci bai sami ko mudu ɗaya daga cikinsa ba, ba zai bar mai shi ya yi barci da ido biyu rufe ba.

Ran 5 ga watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona. Amma abin da yake tsare mutum a gida ba annoba ce kaɗai ba. Ambaliya tana datse hanya, rikici yana kawo dokar hana fita, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ma ya hana mai kuɗi a banki sayen mudun gari. Babu ɗayansu da yake aiko da sanarwa. Saboda haka idan kaka ta zo, sabon gero ya sauka a Dawanau da sauran kasuwannin hatsi, ya kamata kowane maigida ya zauna da uwargidansa su ƙirga bakunan da ke gidan, su ƙara bakin maƙwabci ɗaya a kai, sa'an nan a ɗauki buhu a nufi kasuwa. Allah ya tsare bayinsa daga annoba da yunwa, amin.