Ɗaure pampo da roba ba gyara ba ne

A gidaje da yawa na Maraɗi, daga Bagalam har Ali Ɗan Sofo, pampon da ke bakin madafa yana sanye da rawani na tsohuwar robar keke. Ranar da ya fara ɗiga aka ɗaure shi, da niyyar a kira mai gyara in an samu sarari. Damina ta wuce, rani ya shigo, rawanin yana nan, ɗigon ma yana nan. Ra'ayinmu shi ne, pampon da ya fara yoyo a gyara shi ko a sake shi a cikin makon nan, kuma mutanen gida suna iya yin aikin da hannunsu.

Mu fara da lissafi. Pampon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 20 a kwana guda. A wata, lita 600 ke nan, wato duro uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a rana don sha da girki da ɗan tsabta. Ashe gidan da ke da irin wannan pampo yana shayar da baƙon da ba a gani, kuma yana biya masa kuɗin ruwa. Tun farkon 2024 kamfanin NDE ne ke rarraba ruwa a biranen Nijar, bayan SEEN da ya riƙe aikin tun 2001. Sunan kamfani ya sake, ƙa'ida ba ta sake ba: duk abin da ya wuce ma'aunin ruwa na ƙofar gida, mai gida ne zai biya, ko an sha ko ƙasa ta sha.

Ruwan nan kuwa da wahala yake isowa. Tun ambaliyar 1945 birnin ya baro fadama ya hau tudu, sai an jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da injin, a tura shi sama da wutar lantarki. Gulbin Maraɗi ba ya gudu sai da damina, kuma ruwansa ya ragu tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina. A tambayi manoman Jiratawa, masu noman rani a filin nan na kimanin hekta 500: kowane ruwan da ya shiga kwamin zogale ko na albasa sai an biya kuɗin wutar da ta jawo shi. Ba za ka ga manomin kirki ya bar hanyar ruwansa ta fashe ya tafi gida ba. Mutanen Tibiri kuma sun san ba kowane ruwa ne ake sha ba, domin a shekarun 1980 da 1990 ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuluwo ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yaransu. Wanda ya samu ruwa mai kyau har cikin gida bai kamata ya bar shi yana bin ƙasa ba.

Wata uwargida za ta ce: “Ai ba ya zuba banza, mun tara bokiti.” Da rana gaskiyarta. Da dare fa, wa ke tashi ya juye? Bokiti ya cika, ruwa ya kwanta a gindin bango. Ginin ƙasa ya jiƙe ya fara zaizayewa, gara ta samu wurin zama. Mafi muni shi ne sauro. Sauron zazzaɓin cizon sauro yana son ɗan ruwa garai da ya kwanta, kuma daga ƙwai zuwa mai fiffike bai fi kwana goma zuwa mako biyu ba a lokacin zafi. Rani ne ke rage mana sauro a ƙasar nan; pampo mai yoyo yana yi masa damina ta kansa, taku kaɗan daga inda yara ke kwana.

Aikin ba shi da wuya. A fara rufe makullin ruwa da ke kusa da ma'auni, a buɗe pampon har sauran ruwan ya tsiyaye. In irin wanda ake murɗawa sau da yawa ne, galibi wata ƴar roba ce a cikin kansa ta cinye. A kwance kan, a ɗauki robar a kai kasuwa a sayo daidai ita. Yawan matse pampo da ƙarfi ne ke kashe ta, don haka a hana yara rataya a jikinsa. In kuwa mai hannu ne, wanda ake juyawa sau ɗaya, ba a cika samun gyaransa ba, sai a sake shi ɗungurungum. A tafi da tsohon wajen mai kanti, saboda bakin bututu ba girma ɗaya ba ne. A naɗa farin zaren roba na masu gyaran pampo a kan haƙoran, ta wajen da za a murɗa, a ɗaura da hannu tukuna, sannan a ƙara kaɗan da abin ɗauri. Wanda ya matse fiye da kima sai ya fasa.

Wajen saye, a ɗaga a ji nauyi. Na tagulla ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi daɗewa. Mai arahar nan mara nauyi, mai ƙyalli kamar azurfa, sau da yawa shi ne ke sa a koma kasuwa.

Akwai abin da ya kamata magidanta su gyara a nasu ɓangaren. Mata ne ke yini da pampo, amma a gidaje da yawa ba a taɓa nuna musu inda makullin ruwa yake ba. Bututu ya fashe da hantsi, sai a jira Malam ya dawo daga kasuwa. A nuna wa uwargida da manyan yara tun yau. A gidan haya kuma, inda mai gida da ƴan haya ke tura wa juna, a saya a gyara a riƙe takardar saye, a yi maganar cirewa daga kuɗin haya ƙarshen wata.

Bayan an gama, a rufe kowane pampo na gidan, a je a duba ma'auni. In har yana juyawa, akwai wani yoyon a ƙarƙashin ƙasa ko cikin bango, wannan kam sai an kira mai gyara.