Katangar Eko Atlantic da Haƙƙin Maƙwabcin da ke Gabas da Ita

Kusan duk babban kamfanin gidaje da filaye a yau yakan keɓe shafi guda a takardun tallarsa don hidimar al'umma da kare muhalli. A nan ne ake ganin hoton dashen itatuwa, da rijiyar burtsatse, da buhunan shinkafa da aka raba a watan azumi. Ba mu raina ko ɗaya daga cikinsu, domin dasa itacen da mutum ko tsuntsu zai ci daga gare shi sadaka ce, kamar yadda ya tabbata daga Manzon Allah (SAW). Sai dai akwai tambayar da ta riga sadaka, wadda kuma irin wannan shafi ba ya cika amsa ta: ruwan da aka tare domin a yi ginin, ina ya koma, kuma a ƙofar wa ya tsaya?

Babu inda wannan tambaya ta fito fili kamar a Eko Atlantic, sabon birnin da kamfanin South Energyx, reshen rukunin Chagoury, yake ginawa a kan teku a gefen Victoria Island da ke Legas, da haɗin gwiwar gwamnatin jihar. Yashi aka yaso daga ƙarƙashin teku domin a cike fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10, da niyyar mutum 250,000 su zauna a ciki. A watan Fabrairun 2013 aka yi bikin ƙaddamar da filin, Shugaba Goodluck Jonathan da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suna wurin.

Hujjar kamfanin ta kare muhalli tana da ƙarfi, kuma adalci ne a faɗe ta. Tun farkon ƙarnin da ya wuce Turawan mulkin mallaka suka gina shingayen duwatsu a bakin tashar jiragen ruwa ta Legas. Shingayen suka tare yashin da igiyar ruwa ke kwasowa daga yamma zuwa gabas, sai gaɓar Bar Beach ta shiga zaizayewa shekara da shekaru, har teku ta riƙa haurowa kan titin Ahmadu Bello. Katangar da kamfanin ya tsara, mai tsawon kilomita 8.5, wadda aka lulluɓe da tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne, ta kare wannan yanki. Wanda ya san titin a da ya san an samu sauƙi.

Amma teku ba ta san iyakar filin kowa ba. Mazauna ƙauyukan masunta da ke gabas, irin su Okun Alfa, sun daɗe suna kukan cewa ruwa ya ƙara cin gaɓarsu tun da aka fara aikin, ya cinye gidaje da hanyoyi. Kamfanin kuwa yana cewa zaizayar ta girmi aikinsa. Gwamnatin jihar ce daga baya ta shiga jera shingayen duwatsu a wannan gaɓa. Ba mu da niyyar yanke hukunci tsakaninsu daga nesa. Abin da ya dame mu shi ne, idan mai dukiya da masunci suka yi sa-in-sa a kan ruwa, an san wanda ke da injiniyoyi da lauyoyi.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi wa wannan babi hidima tun da daɗewa. Imam Malik ya kawo hadisin hana cuta da cutarwa a cikin Muwaɗɗa, kuma a kansa fuƙaha'u suka gina hukunce-hukuncen gini. Ibnur Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai ke aika shi ya duba rigingimun maƙwabta, ya tattara su a littafi guda: hukuncin indararo, da magudanar ruwa, da hayaƙi, da tagar da ke leƙa gidan wani. A nan ƙasarmu ma Shehu Abdullahi na Gwandu, Allah Ya jiƙansa, ya rubuta Ta'alimur Radi a kan raya matacciyar ƙasa da harimin gari da na rijiya, wato sararin da ake barin jama'a su amfana da shi, ba a mallaka wa kowa. Ƙa'idar da duk suka tsaya a kai ita ce ana gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani. Saboda haka kamfanin da ya toshe hanyar ruwa sannan ya gina wa unguwa masallaci, ladan masallacin yana wurin Allah, amma haƙƙin wanda ruwa ya ci ɗakinsa yana nan a wuyansa har sai ya biya ko an yafe masa.

Kada wani ya ce wannan maganar Legas ce. A watan Yunin 2023 ambaliya ta mamaye rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a Abuja, har hukumar babban birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. A Kano kuma kowa ya ga yadda aka cike kududdufai aka yanka su filaye, alhali su ne ke shanye ruwan damina.

Mai saye ma yana da nasa kason. Magidancin da ya tara kuɗi shekaru domin ya mallaki fuloti, ya je ya duba wurin da damina, ya tambayi tsofaffin unguwa ta ina ruwa ke bi. Dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka yin bincike kafin a fara, kuma ana baje rahoton domin jama'a su duba su yi magana. Ɗalibanmu masu karatun injiniya da shari'a su ne ya kamata su riƙa karanta wa masu unguwanni da limamai irin waɗannan rahotanni, tun kafin motar farko ta juye yashi.