Kafin A Sake Karo-Karon Sayen Taransfoma A Kafur

Duk garin da taransfoma ta taɓa ƙonewa ya san abin da ke biyo baya: makonni ko watanni cikin duhu, masu injin niƙa da masu walda su koma kan janareta, dattawan unguwa su buɗe littafin karo-karo. Mutanen Kafur, Masari, Mahuta da Gozaki ba baƙin wannan hali ba ne, haka maƙwabtansu na Malumfashi da Funtuwa. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne: me ya ƙona ta? Sau da yawa amsar tana cikin abu mafi araha a jikin taransfomar, wato fiyus, da wayoyin da ke fita daga gare ta zuwa falwayoyi.

Wuta na iso wa taransfomar unguwa da ƙarfin bolt 33,000 ko 11,000, ita kuma ta sauke ta zuwa bolt 415 tsakanin layi da layi, kimanin 240 zuwa kowane gida. A sama akwai fiyus uku da ma'aikatan wuta ke kira J da P, waɗanda ke sakin jiki su rataye idan matsala ta auku. A ƙasa kuma akwai akwatin ƙarfe mai ɗauke da fiyus na kowane layi. An ƙera su ne don su tsinke da zarar wuta ta wuce ƙima, kafin zafi ya kai ga cikin taransfomar. Taransfoma mai kVA 300, alal misali, abin da kowane layinta zai iya ɗauka bai wuce amfiya 417 ba. Ƙari a kan haka, idan ya daɗe, yana dafa mai da wayoyin cikinta.

To amma me ake gani a gindin taransfomomi da yawa? Fiyus ya tsinke, sai a samo wayar jan ƙarfe mai kauri a naɗa a gurbinsa, wuta ta dawo, yara su yi shewa. Wannan waya ba za ta tsinke ba ko da layin ya yi ja, don haka taransfomar ce za ta sha wuyar. Garin neman gira an rasa ido.

Wayoyin da ke hawa daga akwatin zuwa falwaya su ma suna da nasu ciwon. Ɓarayi na yanke kebul na jan ƙarfe da dare, sai a maye gurbinsa da siriri na alminiyam wanda bai kai ɗaukar nauyin ba, a haɗa shi da murɗi maimakon matsewa da ƙarfen da aka yi domin haka. Mahaɗa mai sako-sako tana zafi har ta narke. Mafi haɗari shi ne tsinkewar wayar nutural: nan take wutar da ke shiga wasu gidaje za ta iya haurawa kusa da bolt 415, firji da talabijin da caja su ƙone a unguwa guda. Ga kuma al'adar sauya layi, inda kowa ke komawa kan layin da ya fi haske har nauyi ya taru a kan guda. Wanda ke ganin wannan magana ta kayan ɗaki ce kawai ya tuna Gwargwaje a Zariya, a Disambar 2022, inda wayar babban layi ta faɗo kan ƙaramin layi, wuta mai ƙarfi ta shiga gidaje, rayuka suka salwanta.

Tun Nuwambar 2013 kamfanin KEDCO ke riƙe da rarraba wuta a Kano, Katsina da Jigawa. Hukumar NERC, mai sa ido kan harkar wutar lantarki, ta sha nanata cewa saye da gyaran taransfoma, falwaya da wayoyi nauyin kamfanin rarrabawa ne, ba na mai biyan kuɗin wuta ba. Muna kira ga kamfanin ya ajiye fiyus masu ƙimar da ta dace a ofisoshinsa na yankin, ya riƙa auna nauyin kowane layi kafin zafin bazara da kuma lokacin kaka, sa'ad da injinan casa da niƙa ke aiki ba hutu. Hukumar NEMSA, wadda aikinta duba ingancin kayan lantarki ne, ta leƙo karkara, kada ta tsaya a birane. 'Yan siyasar da ke kawo taransfoma a matsayin aikin mazaɓa su kawo ta da akwatinta, kebul ɗinta da shingenta, ba gangar jiki kaɗai ba.

Jama'a ma da nasu. Kwamitin wuta na unguwa ya hana kowa taɓa akwatin in ba ma'aikacin kamfani ba, ya kulle shi, ya sa ido da dare. Fiyus da ke yawan tsinkewa yana faɗin cewa nauyi ya yi yawa ko layi na da rauni. A kai wa kamfanin ƙorafi a rubuce, idan ba a saurara ba a ɗaukaka shi zuwa NERC. Kwana biyu ana jiran fiyus na gaskiya ya fi wata shida ana bin gidaje da littafin karo-karo.