Sharhi: Wa ke cin ribar farashin dillalan caca a filayen sukuwar Birtaniya?

A duk lokacin da aka buɗe manyan gasannin tseren dawakai a Birtaniya, irin su bikin Cheltenham na watan Maris da Grand National na filin Aintree da kuma Royal Ascot na watan Yuni, muhawara guda takan sake tasowa: shin dillalan caca da ke kafa allunansu a cikin filin sukuwa suna ba jama'a farashi mai adalci, ko kuwa suna amfani da cunkoson 'yan kallo ne su tsuke ribar mai zuba kuɗi?

Tambayar ta shafi miliyoyin fam, domin da kuɗin caca ake ɗaukar nauyin wani ɓangare na harkar tseren, ta hanyar harajin kashi 10 cikin 100 da ake karɓa daga ribar da kamfanoni ke samu a kan tseren ƙasar.

Asalin ribar dillali tana cikin lissafi ne. Idan dawakai huɗu masu ƙarfi ɗaya suka fito tsere, adalci shi ne wanda ya zuba fam 1 ya karɓi fam 4 idan dokinsa ya ci. Amma idan dillali ya sa farashin da zai biya fam 3 da rabi, to ya karɓi fam 4 daga mutum huɗu, ya biya fam 3 da rabi, ya riƙe rabin fam ko wane doki ya yi nasara. Idan aka tattara damar cin da farashin ke nunawa, jimillar takan kai kusan kashi 114 maimakon 100. Gwargwadon yadda wannan adadi ya haura, gwargwadon yadda mai zuba kuɗi ke asara. A gasar Grand National ta 2015, adadin ya zarce kashi 150, abin da ya jawo suka mai zafi daga masu sharhi.

Shekaru da dama, waɗannan dillalai su ne ma'aunin kasuwar baki ɗaya. Ko bayan da aka halasta shagunan caca a 1961, farashin da ke kan allunansu daidai lokacin da dawakai suka tashi shi ne ake biyan mutane da shi a duk faɗin ƙasar. Wannan matsayi ya fara raguwa ne a 2000, lokacin da Betfair ya buɗe dandalin da mutane ke caca da junansu ta intanet. A yau dillalai da yawa na kallon farashin wannan dandali a kwamfuta kafin su rubuta nasu, kuma a can suke rage nauyin asarar da suke jin tsoro.

Annobar korona ta ƙara dagula lamarin. Da aka dawo da tsere a watan Yunin 2020 ba tare da 'yan kallo ba, sai aka koma fitar da farashin tashi daga manyan kamfanoni, kuma bayan an sake buɗe filaye, akasarin lissafin ya ci gaba da zama a hannunsu.

Babban ƙorafin masu zuba kuɗi ya fi karkata ga cacar da ake rabawa biyu, rabi a kan doki ya ci, rabi a kan ya shigo cikin na gaba-gaba. A tseren da ake daidaita nauyi mai dawakai 16 ko fiye, al'adar ita ce a biya kashi ɗaya cikin huɗu na farashi ga dawakai huɗu na farko. Wasu dillalan fili kuwa kashi ɗaya cikin biyar suke biya. Ga dokin da farashinsa ya kai ninki 20, wanda ya zuba fam 5 a kan matsayi zai ci ribar fam 20 maimakon fam 25, yayin da kamfanonin intanet kan ƙara yawan matsayin da suke biya domin jawo kwastomomi.

Sai dai dillalan na da tasu hujjar. Sukan sayi gurbin tsayuwarsu, su biya kuɗin shiga fili da na ma'aikata da na sufuri, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Haka kuma, da yake suna jere kafaɗa da kafaɗa, mai haƙurin zagayawa kan iya samun farashin da ya fi na intanet, musamman a kan dawakan da ake sa ran za su ci. Sannan sukan karɓi kuɗi hannu da hannu, su biya nan take, ba tare da taƙaita wa mai yawan ci asusu ba, abin da ake yawan zargin manyan kamfanoni da yi. Suna da wata dama kuma: tun 1987 aka cire harajin caca a cikin filin sukuwa.

Matsin da harkar ke ciki ya fito fili ranar 10 ga Satumban 2025, lokacin da aka dakatar da duk tseren ƙasar na yini guda domin nuna adawa da shirin ƙara harajin caca ta intanet, kafin daga bisani gwamnati ta tsame tseren dawakai daga ƙarin.

Abin da ya rage shi ne batun bayyana gaskiya. Muddin dillalai ba su daidaita sharuɗɗansu ba, suka kuma rubuta su ɓaro-ɓaro, baƙon da ke zuwa fili sau ɗaya a shekara shi ne zai ci gaba da biyan bambancin, alhali irin waɗannan baƙi ne ke riƙe da kasuwar tasu a manyan ranakun gasa.