Bashin Da Ƙannenmu Ke Bin Mu A Birnin Gwari

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, duk inda aka ambaci Birnin Gwari yau a ƙasar nan, abin da ke fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne bindiga da kuɗin fansa. Ɗalibin da ya ce daga can ya fito, sai ka ga abokan karatunsa sun dube shi da tausayi, wani ma ya yi masa jaje tun bai ji ko an yi masa rashi ba. Mu da aka haifa a unguwannin Magajin Gari, muka yi wayo kafin al'amura su lalace, mun san wani Birnin Gwari dabam. Mu ne kuwa na ƙarshe da suka ga garin da idon ƙuruciya cikin kwanciyar hankali, saboda haka in muka yi shiru, ƙannenmu za su tashi da zaton haka Allah ya halicci ƙasarsu.

Ga wanda bai sani ba, mazaɓu 3 daga cikin 11 na ƙaramar hukumar Birnin Gwari ne ke amsa sunan Magajin Gari, watau cikin gari da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Garin yana zaune a bakin tsohuwar hanyar Kaduna zuwa Ikko, wadda ta biyo ta Buruku, ta ratsa mu, ta nufi Tegina da Mokwa da Jebba, ga kuma wata hanya da ta yi arewa zuwa Funtuwa. Wannan hanya ita ce makarantarmu ta farko wajen sanin duniya. Direbobin manyan motoci kan yada zango da dare, su sha shayi, su ci tsire, mu kuwa yara muna gefe muna karanta sunayen garuruwa a jikin motoci, muna jin Yarabanci da Nufanci tun ba mu san inda Kwara ta dosa ba. Ranar kasuwa kuma gari kan cika ya batse da masara da dawa da shanu, Bagwari da Bakamuke da Bafulatani da Bahaushe kowa da hajarsa.

Amma fa babban filin wasanmu daji ne. In an tashi daga makarantar allo ranar Alhamis, sai mu yi ayari mu fita bayan gari, kowane lokaci da abin da yake kawowa. Da bazara mu kakkaɓo ɗorawa mu sha garinta har bakinmu ya yi rawaya. Da damina mu riga 'yan mata masu tsintar kaɗanya zuwa gindin itace don mu sha taɓo. Da kaka mu bi gonaki kalar gyaɗa, mu dawo da ɗinya da kanya cike da aljihu. A can muka koyi bambanta sawun gada da na zomo, da itacen da ake hawa da wanda reshensa ke yaudara. Iyayenmu ba su tsoron kome game da mu sai maciji da zurfin rafi. Da dare in farin wata ya fito, maza na langa, mata na gaɗa a dandali, ba mai kiran kowa gida sai barci ya kira shi. Da azumi mu yi tashe unguwa-unguwa, da salla mu sha kallon hawan Sarki Zubairu Jibril Maigwari na Biyu, wanda ya hau gadon sarauta a 1993.

Dajin nan da ake kira matattarar ɓarayi yana da suna da tarihi. Tun 1936 En'e ta keɓe gandun dajin Kamuku, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi ya shiga sahun manyan gandayen namun daji na ƙasa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. A cikinsa ne Dogon Ruwa ke gangarowa daga dutse, kuma dattawanmu kan ba mu labarin giwaye da gwanki da burtu da suka gani da idanunsu. To, wane yaro ne ɗan shekara 10 a garinmu zai ji kalmar Kamuku yau giwa ta faɗo masa a rai?

Muna 'yan firamare a watan Oktoba na 2012 aka kashe mutum kimanin 20 a Dogon Dawa, da yawansu masallata ne da asuba. Daga nan abu ya yi ta gaba. A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka, a watan Mayu na shekarar kuma aka afka wa Gwaska, aka hallaka fiye da mutum 40. A watan Maris na 2021 aka shiga makarantar firamare ta Rema, a cikin mazaɓar Magajin Gari ta biyu, aka tafi da malamai 3. A shekarar ce gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako, ta hana hawan babur, aka kuma katse layukan waya wajen wata 2. Hanyar da ta koya mana duniya ta zama sai da rakiyar soja. Yaron da aka haifa a 2012 ya kai munzalin shiga sakandare bai taɓa zuwa tsintar ɗinya ba. Ya san ƙarar kowace irin bindiga, bai san kukan burtu ba. Wannan asara ba ta shiga lissafin kowace ma'aikata, alhali kuwa da ita za a rayu shekaru 50 masu zuwa.

Lalle wani zai ce mana, ai kowane tsoho zamaninsa ya fi daɗi, kuma begen jiya ba ya noma gona. Akwai gaskiya a ciki. Jiyan da muke yabo tana da nata miki: ƙauyuka da yawa ba makaranta ba asibiti, ramukan hanya sun fi kwalta yawa, satar shanu ta daɗe tana cin makiyaya ba mai bi musu kadi. Yaran Fulani da muka yi wasa da su a bakin kasuwa, uwayensu na sayar da fura da nono, kaɗan ne daga cikinsu suka zauna aji tare da mu, ko da yake tun 1989 aka kafa hukumar ilmin makiyaya, kuma hedkwatarta a Kaduna take. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, dole a faɗi wannan. Amfanin tuna jiya shi ne ta zama ma'auni, domin wanda bai san yadda lafiya take ba, da zazzaɓi ya ɗan sauka sai ya ce ya warke.

Ma'aunin nan kuwa yanzu ake bukatarsa. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, ya karɓi waɗanda aka ce sun ajiye makamai, ya buɗe kasuwar kara wadda ta yi shekara wajen 10 a rufe. Mutane sun sami sauƙi bayan wannan sulhu, manoma da yawa sun koma gonakin da suka bari, mun gode Allah. Waɗanda aka kashe wa iyaye suna tambayar ina hakkinsu, tambayarsu kuma tana bisa hanya, bai kamata a rufe musu baki da sunan zaman lafiya ba. Mu dai a ganinmu, ƙidayar motocin shanu da ke fita daga kara ba ta isa shaida ba. Ranar da uwa za ta bar ɗanta ya bi abokansa bayan gari ba tare da gabanta ya faɗi ba, ran nan ne za mu ce lafiya ta dawo.

To, mene ne namu a ciki? Da farko, mu ɗalibai 'yan wannan yanki mu yi amfani da hutunmu mu zauna da dattawan da suka yi gudun hijira zuwa cikin gari, mu rubuta abin da ke kansu: sunayen ƙauyukan da suka watse, da iyakokin gonaki, da inda burtali ya bi, da mashayar dabbobi. Gonar da ta yi shekara 8 ba noma ta koma daji, itacen da aka yi iyaka da shi wataƙila ya zama gawayi. In tsofaffin da suka san iyaka suka ƙare kafin a rubuta, rigimar gobe a kan ƙasa za ta tashi, tsakanin manomi da manomi, da tsakanin manomi da makiyayi. Ƙungiyoyin ɗalibanmu su miƙa abin da suka tattara ga fadar Sarki da ƙaramar hukuma.

Na biyu, gare ku matasan ma'aikata. Malami ko ma'aikacin jinya da aka tura Birnin Gwari yakan kwana yana neman wanda zai sauya masa wurin aiki. Ba mu ga laifinsa ba bayan abin da ya faru a Rema. Amma in kowa ya gudu, wa zai koyar da ɗan manomi da ɗan makiyayi a aji guda? Wajibi ne gwamnati ta ba irin waɗannan ma'aikata masauki da tsaro da alawus na musamman, ku kuma da kuke zaune a ofisoshin Kaduna, ku ne masu rubuta takardun da ake sa wa hannu, kada ku mance da mu a cikinsu.

Na uku, a kula da dajin kansa. Masu yankan katako da masu gawayi da masu haƙar zinariya ba su jira a gama sulhu ba. In aka bar su ba ƙa'ida, ranar da tsoro zai kau za mu kai ƙannenmu su ga daji mu tarar da fili.

Mun ci ɗorawar wannan ƙasa, mun sha ruwan Bagoma, da kuɗin masararta aka biya mana makaranta. Ƙannenmu suna bin mu bashin ƙuruciyar da muka samu su ba su samu ba, biyansa kuwa ya fara daga wannan hutu mai zuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mai da waɗanda suka watse gidajensu lafiya, amin.